Hayaƙin Turare a Gonar Yangoji

A shekarun da mulki ya dawo hannun farar hula, manyan ma'aikata suka shiga sayen gonaki a bayan gari. Wani darakta ya haƙa rijiyar burtsatse a gonarsa ta Yangoji, ya sa mata famfo mai aiki da hasken rana. Ina da shagon gyaran lantarki a Nyanya, ni ya ba kula da shi.

Famfon yakan tashi da safe, rana na take tsaka sai ya mutu. Barkonon da aka dasa ya fara yaushi. Oga darakta ya ce in ban gano ciwon ba kafin Juma'a, zai kira kamfani, ni kuma in koma gyaran fanka.

Ni ba na aiki da ka. Na farko na gwada waya, lafiya. Na biyu farantan rana, lafiya. Na uku na buɗe akwatin ƙarfen da aka kulle na'urar sarrafa wutar a ciki saboda ɓarayi. A bayanta akwai haƙarƙari na alminiyam, jere kamar haƙoran mataji, aikinsu su miƙa wa iska zafi. An kwantar da ita, haƙarƙarin na kallon ƙasa, akwatin ba ko huda, zafi ke kashe ta. Maigadi kuma ya lulluɓe shi da buhu biyu, wai tausayi ya ji, rana na dukan abin.

"Baba, kai in zafi ya dame ka, bargo kake ja?"

Ya ce shi dai ba injiniya ba ne. Na ce ni ma haka.

Iska mai zafi sama take yi, mai sanyi ta biyo ta. Don haka na naɗe kwanon rufi na yi bututu mai baki biyu. A tsaye ba zai shiga ƙarƙashin farantan ba, sai na kafa shi a karkace. Na ɗaure na'urar a ciki, haƙarƙarin na bin tsawon bututun, na sa raga saboda ƙadangaru.

Oga ya iso bayan sallar Juma'a, rana na ƙuna, ruwa na zuba. Ya tambayi inda na ɓoye fanka. Na kunna turaren tsinke na kara a bakin bututun na ƙasa. Hayaƙin ya shige, ya bi haƙarƙarin, ya fito ta sama. Sau uku ya sa na maimaita.

"Injiniya," ya ce, "abokina yana da gona a Masaka."

Ban gyara masa sunan ba.