Numfashin Kawu a Bayan Ƙofa ta Uku

Kawuna kafinta ne. Ya fi shekara talatin yana gyaran ƙofofi da kujeru, kuma ban taɓa jin wani ya yaba masa ba sai ranar da ya yi ɓarna. Gajere ne, mai yi wa ƙusa faɗa in ta lanƙwashe, ga ciwon ƙirji tun yana saurayi. In ya hau bene, numfashinsa yakan riga shi isa sama, yana kuka kamar zugazugin da ya huje.

Wata rana aka kira shi wani ofis a hawa na huɗu ya gyara tebur. Masu ofishin wasan waya suke yi, irin wanda babu hoto ko ɗaya. Ka sa abin sauraro a kunne, wata murya ta ce maka kana cikin kabarin wani sarki da aka kashe shekara dubu huɗu da suka wuce, ga aljanu, ga ƙofofi, sai ka gano wanda ya kashe shi. Kai kuma ka riƙa cewa hagu ko dama har ka fita, ko a cinye ka. Kawu ya gama da tebur, ya ji ƙofar ɗakin naɗar sauti tana ƙara, ya ɗiga mata mai ba tare da kowa ya sa shi ba. Ashe wannan ƙarar ita ce suke naɗa a matsayin ƙarar ƙofar kabarin sarki, wata shida suna lallaɓa ta.

Mai haɗa sautin, wata doguwar mata da ba ta san dariya ba, ta fito za ta wanke shi tas. Sai ta tsaya cak, ta karkata kai.

"Baba, sake yi."

"In sake me?"

"Numfashin nan."

"'Yata, ai ban daina ba," in ji Kawu.

Haka ya zama Mai Gadin Kabari, dodon da ke bayan ƙofa ta uku, wanda ba ya magana, numfashi kawai yake yi yana matsowa. Kawu ya riƙe aikin da hannu bibbiyu. Sai da ya tambaya ko mai gadin yana da iyali, da wanda yake karɓarsa in ya gaji. Da aka ce babu, ya girgiza kai ya ce, "Shekara dubu huɗu ba canji? Ai dole ya ci mutane."

Matsalar ita ce maganinsa na shaƙa. In ya shaƙa, ƙirjin yakan yi shiru, dodo ya koma kafinta. Don haka duk lokacin da za a naɗi sabon babi, sai ya bar maganin kwana biyu, ya kuma hau benen sau biyu don murya ta nuna. Inna, matarsa, ta ce masa ya zaɓa, ko magani ko dodo. Ta sa masa abin shaƙar a aljihu, ya bar shi a kan taga. Ta ɗinke shi a cikin hularsa, ya canza hula. Daga baya ta ja shi zuwa asibiti da kanta, ni ina riƙe da jakarta.

Likitan ya ɗora abin awo a ƙirjin Kawu ya ce ya ja numfashi. Kawu ya ja. Likita ya yi baya da kujerarsa har ta bugi bango.

"Kai ne," ya ce a hankali. "Sau tara kana cinye ni."

"Hagu kake bi ke nan," in ji Kawu. "Ka riƙa bin dama."

Inna ta buga tebur ta ce ita mijinta ta kawo a duba, ba ta kawo shi gaisawa da waɗanda ya cinye ba. Likitan ya gyara zama, ya faɗa masa gaskiya: in ya ci gaba da wasa da magani, ƙirjin nan ba zai kai shi nesa ba. Ita ma mai haɗa sautin ta aiko cewa numfashin da suka naɗa ya ishe su har babi goma, ya huta. Bai huta ba. Yakan je ya zauna a bakin ofishin ko za a buƙace shi.

Na taɓa yi masa faɗa, ni da nake yawo ina yi wa abokai alfahari cewa dodon kawuna ne, abin da har yau nake jin kunyarsa. Yana fiƙe katako bai ɗago ba ya ce, "Tun ina yaro ake matsawa daga kusa da ni saboda ƙarar nan. Yanzu mutane suna toshe kunne da ita da gangan. Ka bar ni."

Ya rasu wata safiya a shagonsa. An sami abin shaƙar a cikin gwangwanin ƙusoshi, cike yake.

Bayan an watse daga zaman makoki, Inna ta kira ni ta miƙo min wayarta ta ce in sa mata wasan banzan nan. Na koya mata. Yau shekara biyu ke nan, ba ta san wanda ya kashe sarki ba, ba ta kuma taɓa tambaya ba. Kullum da hantsi takan zauna a kujerar da ya gyara mata, ta wuce ƙofa ta farko da ta biyu, a ta uku ta ce hagu. Sai ka ga ta rufe ido tana sauraro, wani lokaci ta ce, "Ji shi. Yau ma bai sha ba."

Sannan muryar wasan ta sanar da ita cewa ta mutu, ta tambaye ta ko za ta sake gwadawa.

"Zan sake," in ji Inna.