Tuwo da Cokali

Hannuna na dama ba ya rufuwa, ba ya buɗewa. Yana nan a tsakani, kamar na mai jiran a miƙo masa wani abu. Dambe ne ya bar min shi haka. Na yi zamanina daga Wurno har Kiyako, ina kai maza ƙasa da naushi ɗaya. Wata kaka na shiga fili da kumburi a gindin babban yatsa. Na sa aka ja kara, igiyar nan da muke naɗe hannu da ita, aka ɗaure tamau don kada in ji ciwo. Ban ji ba kuwa. Da aka kwance, hannun ya riga ya tafi.

A mafarki kawai yake dawo min. Sai in gan ni da hantsi a gindin duwatsun Birnin Kudu, ina buɗe yatsuna ɗaya bayan ɗaya, kalangu yana tashi daga wani wuri da ba na gani. In na farka sai in ɗauki kara in je in ɗaure wa wasu. Sana'ata ke nan yanzu.

Ɗan yayata ya bi sawuna, ya wuce ni nesa. Kano a kira shi, Abuja a kira shi, mutane suna kallonsa a waya. Bara bayan girbi ya zo gida Gwaram, aka sa dambe dominsa. Ya ce ni zan ɗaure masa.

Ranar da azahar Yaya ta aiko mana tuwon dawa da miyar kuka a zaure. Na ɗauki cokalina, don ni dole da shi nake ci. Sai na ga shi ma ya zaro nasa daga aljihu.

Na ce, "Yaushe ka zama Bature?"

"Kawu, zaman birni ne. Can haka ake ci."

"Ajiye. Yanko min loma da hannu."

Ya yi dariya, ya ga ni ban yi ba. Tuwon dawa in ya huce tauri gare shi, ba ya yankuwa sai babban yatsa ya danna. Ya sa hannu. Yatsu huɗu suka shiga, babban ya tsaya a waje. Na ga gumi ya tsatso masa a goshi.

"Tun yaushe?"

"Sati biyu. Targaɗe ne kawai. Ka ja da ƙarfi, ba zan ji ba."

"Na san ba za ka ji ba."

"Garinmu ne fa, Kawu. Mutane sun taso tun daga Unguwar Ya. In ce musu me? Yatsa?"

"Ka ce musu yatsa."

"In ba ka ɗaura ba akwai masu ɗaurawa."

Gaskiyarsa. Mutum goma za su yi rububin ɗaure masa, babu wanda zai tambaye shi komai.

A wajenmu 'yan dambe ba a kai maganar fili cikin gida. Abin kunya ne. Na tashi na shiga. Yaya tana bakace a tsakar gida, dusa tana sauka a hankali cikin hasken rana kamar ba ta son taɓa ƙasa. Na daɗe ina kallo. Sannan na ɗaga mata hannuna na ce, "Yaya, ɗanki zai zama ni yau."

Ba ta tambaye ni komai ba. Ta ajiye faifai, ta zo bakin zaure, ta tsaya daga bayan labule, ta ce wa ɗanta:

"In ka ɗaura igiyar nan yau, ban yafe ba."

Shi ke nan. Ta koma bakacenta.

Da la'asar kiɗa ya tashi daga bayan gari, yana bin gonakin da aka girbe, iska ta kawo shi ta mayar. Aka kaɗa takensa. Yana zaune a zaure. Aka sake kaɗawa. A karo na uku ya miƙe, na bi bayansa. Ya shiga tsakiyar fili da hannu tsirara, ya ɗaga shi sama, ya girgiza kai. Wani ya ce, "Birni ya lalata shi!" Wani ya ce, "Ku ba shi zani!" Ni dai ji nake kamar daga ƙarƙashin ruwa nake jin su. Ya tsaya har suka gaji, sannan ya fita.

Washegari muka hau mota zuwa asibiti a Birnin Kudu. Aka ɗauki hoton hannun. Likita ya ɗaga shi a haske ya nuna mana tsaga a ƙashin, siririya kamar gashi. Aka sa masa filasta. Duk hanyar komawa kansa na jikin taga.

Ya warke. Ya koma fili, yana ta kayar da maza, wani ne yake ɗaure masa. In ya zo gida yakan durƙusa ya gaishe ni, "Kawu, ina gajiya," in ce babu gajiya, ya tashi ya tafi. Har yau bai sake ba ni hannunsa ba. Ni ma ban roƙa ba.