Darasin Abdulwahid a Gonar Shinkafa

Duk mai injin ban-ruwa daga Haɗeja har Kirikasamma ya san Abdulwahid Bakanike. Shekara goma sha tara yana kwance injuna yana ɗaurawa, kuma a jikin takardun da ke zuwa cikin kwalinsu ya kaifafa ɗan Turancinsa na sakandare. Da ya cika arba'in sai ya wanke baƙin mai daga hannunsa ya shiga kwalejin horar da malamai, wai Turanci zai koyar. Abokansa suka yi ta tsiya: "Malam, da sifana za ka riƙa rubutu a allo?" Ya yi dariya kawai.

A shekara ta uku aka tura shi koyarwar gwaji wata firamare a ƙauyen fadama. Ƙa'ida ita ce malami ya zo daga kwaleji ya zauna ya ga darasi na minti arba'in cif. In ba a ba ka maki ba, ka maimaita shekara. Shi kuwa, da 'ya'ya biyar da furfura a gemu, ya san ba shi da wata shekarar.

Ranar da Malama Falmata ta zo duba shi, ajin wayam! Shinkafa ta fara nuna, tsuntsayen jan-baki sun sauka, kowane gida ya kwashe yaransa zuwa korar tsuntsu. Abdulwahid ya ce, "Malama, in ba za ki damu da taɓo ba, na san inda suke."

Ta tattare zaninta ta bi shi. A gindin wata tsamiya ya tara yara goma sha shida, ya jingina kwali, ya ɗauki gawayi. Wallahi darasi ya yi daɗi. Ya nuna tsuntsu su faɗi sunansa da Turanci, ya nuna ruwa, ya nuna igiyar da aka jera wa gwangwanaye, har masu kunyar cikinsu suka buɗe baki. Malama tana zaune a kan saiwa tana rubutu.

Minti na ashirin da biyu sararin gabas ya yi duhu. Jan-baki ne, garke guda. Yaran ba su motsa ba, saboda ladabi, amma idanunsu duk suna kan gonakin. Abdulwahid ya dubi agogonsa. Saura minti goma sha takwas, kuma ya san abin da tsuntsayen nan ke yi wa gona a minti goma. Abincin shekara ne na gidajen da yake cin tuwonsu.

Ya ajiye gawayin ya ce, "Ku tafi!" Shi ma ya ruga ya kama igiya yana girgizawa yana ihu.

Da ya dawo, wandonsa duk taɓo, Malama ta rufe littafinta.

"Malam Abdulwahid, darasin bai cika ba. Ba zan rubuta abin da ban gani ba."

"Haka ne, Malama."

"Jibi nake miƙa maki." Ta daɗe tana kallon gonakin. "Ƙarfe nawa tsuntsayen ke lafawa?"

"Da tsakar rana, in zafi ya yi."

Ta cire takalmanta ta gyara zama a kan saiwar.

"To, zan jira. Ka samo wani gawayin."