Jan Fenti a Jikin Zaurenmu

Wata safiyar Laraba a daminar 1979, ana ta shirin zaɓen da sojoji za su miƙa mulki, na fito zubar da toka na tarar da mutum biyu a ƙofar gidanmu a Soron Ɗinki, ɗaya da igiyar awo, ɗaya da bokitin jan fenti. Mai fentin ya ja layi biyu a gicciye a jikin zaurenmu, fentin yana tsiyaya, suka wuce gidan maƙwabta. Shekarata tara a lokacin.

Murna na yi. A shekarar nan kowane bango a unguwa ya samu alamar jam'iyyarsa, nan makulli, can gida da masara, mu yara kuwa mun haddace su tun kafin karatun boko ya zauna mana. In mun gama wanke-wanke da ɗebo ruwa a famfo, sai mu zana su da gawayi a ƙasa muna 'yar gala-gala a kansu. Na ɗauka wata sabuwar jam'iyya ce ta zaɓi gidanmu. Na shiga da gudu na faɗa wa kakata, Hajiya Yalwa, tana tsintar shinkafa. Ta fito har waje, abin da ta jima ba ta yi ba, ta duba, ta ce, "Wannan ba ƙuri'a take nema ba, 'yar nan."

Sai na tuna na san alamar a makaranta, ita malaminmu yake yi mana da jan biro in lissafi ya ƙi. Da Baba ya dawo daga kasuwar Kurmi, inda yake sayar da huluna, na tambaye shi abin da muka yi ba daidai ba. Ya ce ba mu yi komai ba, hanya za a faɗaɗa, zauren da ɗakin Hajiya sun shiga ciki. Ya faɗa kamar mai ba da labarin wani gari, ya nemi tuwonsa ya ci.

A saman ƙofar zauren akwai dagi, wanda marigayi kakana, magini, ya fitar da hannunsa tun kafin a haifi Baba. Hajiya kan ce irinsa ne a rigunan manya da jakunkunan dukawa, ba wanda ya san wanda ya soma shi. Shi ne kwatancenmu. Baƙo in ya shigo birni, "gidan mai dagi" kawai zai ce a rako shi.

Baba ya bi dattawan unguwa neman alfarma, suka dawo ba labari. Aka yi zaɓe, ruwa ya ɗauke, leburori suka zo da diga. Abu ɗaya Hajiya ta roƙa, a ciro mata dagin lafiyarsa ƙalau. Wani dattijo a cikin leburorin ya hau tsani ya yi ta sara gefensa a hankali, amma da ya tallabo shi sai ya marmashe a hannunsa. Ina tsaye kusa da ita ina jiran ta yi kuka in taya ta. Ba ta yi ba. Ta ce a kwashe ƙasar a cike ramin tsakar gida inda ruwa yake kwanciya, ta koma ɗakin Umma, ba ta sake leƙowa waje ba har Allah Ya karɓi abinsa. Ni kuwa na ɗauki tallan gyaɗata na fita, don ba wanda ya ce kada in je.

Yanzu inda zauren yake masu adaidaita sahu ne suke layi, baƙo kuma wayarsa yake dubawa ta kai shi inda za shi. Nakan wuce ta wurin in zan je asibiti, in kalli kwaltar, in gaisa da wanda ya rage cikin mutanen da. Har yau ina jiran ranar da abin zai yi mini zafi.