Ɗakin da Adda Ta Daina Shiga

Shekara uku na yi ina shara da wanki a wani ƙaramin otal a Mubi. Mu biyu ne mata, ni da wata dattijuwa 'yar Maiha da nake kira Adda. Hausarta ta kasuwa ce, mace da namiji duk "shi" take ce musu. Mun raba ɗakunan, ita na ƙuryar baranda, ni na gaba.

A daminar shekarata ta biyu hanyoyi suka lalace, baƙi suka ɗauke ƙafa. Wata rana bayan azahar, ruwa na zuba, mai karɓar baƙi ya kunna mana wani fim na Turawa da aka fassara. Ni gajiya ce ta zaunar da ni, ba sha'awa ba.

A fim ɗin, wata mata ce ta sauka a otal ita kaɗai. Kullum da safe sai ta tarar da ɗaya gefen gadon a lotse, ga kofin shayi biyu an sha. Ma'aikata suka dage su biyu suka zo. Babu dodo, babu jini. Har fim ɗin ya ƙare ba a gaya mana ko ɗakin ne ke da aljanu ko kanta ne ya taɓu ba. Na yi tsaki na ce an ɓata mana lokaci. Adda ta ɗauki bokitinta ta fita.

Washegari ta ce in taimaka mata da ɗakin ƙarshe, mai babban gado. Na taimaka. Rana ta gaba ma haka. Kafin wata ya cika, duk ɗakin da ke da gadon mutum biyu ya dawo kaina. Ga bayana da ke ciwo, ga zannuwan gado da ba sa bushewa. In na koma gida ko tuwo ba na iya tuƙawa.

Ranar da haƙurina ya ƙare, a wajen shanya na same ta.

"Adda, fim ne fa. Ƙarya ce aka shirya. Ni ma mutum ce, na gaji."

Ta daɗe tana matse tawul ɗin da ya riga ya tsane.

"Ba aljani nake tsoro ba," ta ce. "Shekaran da 'yan bindiga suka shigo aka gudu daga gari, maigidana ya tafi unguwan Kolere ya ɗauko ƙaninshi. Har yau bai dawo ba. Da safe ina ji warinshi a filo. Ina dafa abinci na mutum biyu. Na ɗauka shi ne yana zuwa duba ni. Yanzu wannan mata ya nuna mini wataƙila kaina ne."

Na san mijinta ba ya nan, amma ban taɓa tambaya ba. A Mubi wa zai tambayi wa? Kowa da nasa. Na karɓi tawul ɗin na shanya.

Na ci gaba da share ɗakunan. Ba zan ce da daɗin rai ba. Wata rana ina yi ina zaginta a zuciya, in kuma dawo in ji kunya. Da manaja ya lura ta daina shiga ɗakunan, ya kira ta ofis. Ban san me suka ce ba. Da kaka ta yi, ta haɗa kayanta ta koma Maiha wajen 'yarta.

Ba a ɗauki kowa a madadinta ba. Na ƙara shekara guda ni kaɗai, sannan likita ya ce in bar sunkuyo in ina son bayana. Sau ɗaya ta aiko mini da gyaɗa ta hannun wani direba. Ya ce tana noma, ta ɗan rame, tana gaishe ni.