Tsanin Sabatino

A wajenmu, gefen garin Aversa, kurangar inabi ba ta bin ƙasa. Aurar da ita ake yi ga doguwar bishiya, ta yi ta hawa har ta wuce gidan bene. Duk mai son tsinko inabin Asprinio, wanda muke yin farar giyarmu mai ɗan tsami da shi, sai ya hau siririn tsani. Kowa kuma da nasa. Kafinta yakan auna ƙwaurin mutum ya jera matakan daidai da shi, don in ya hau ya soka gwiwa tsakaninsu, hannuwansa biyu su sake su yi aiki.

Sabatino tun yana saurayi yake hawa, har gashinsa ya yi fari fat. Bai taɓa wata sana'a ba. Yana da fankama kam, amma ni ban ga laifinsa ba, don reshen da kowa ke bari wa tsuntsaye shi yake tsinkowa.

Bana, ranar fara girbi, ya jingina tsaninsa ya hau, ya soka gwiwa kamar kullum. Ta ƙi zama. Ya sauko ya ƙare wa tsanin kallo, ya sake hawa, ƙafar ta ɗauki rawa.

"An musanya mini tsani," ya ce wa matarsa Titina, wadda ke ƙasa tana jiran kwandon da zai zuro mata da igiya.

"Wa zai saci wannan tsohon icen? Ko murhu sai ya yi shawara kafin ya karɓe shi."

"Ƙaninki mana. A rumfa ɗaya muka ajiye bara."

Ya saɓi tsanin ya nufi layin bishiyoyin da Aniello, ƙanin nata, yake girbi. Aniello ya leƙo daga cikin ganye yana dariya.

"Haba Sabatì, dubi ƙafata, dubi taka. In na hau naka ai sai dai a kwaso ni a kwando."

Duk da haka Sabatino ya sa shi ya sauko, ya hau tsanin Aniello ya gwada. Abin ya fi muni. Kansa ya ɗaure. Ya ce ko damina ce ta kumbura icen. Ya ce ko ƙasar gindin bishiyar ce ta lotsa. Har takalmi ya koma gida ya sake. Da yamma mai gonar da suke yi wa aiki ya gaya masa cikin ladabi cewa inabi ba ya jira: in bai hau gobe ba, za a ba Aniello layinsa. Maganar ta soke shi ƙwarai.

Ya kai tsanin wurin Mastu Rafele kafinta, wanda mahaifinsa ne ya sassaƙa shi. Rafele ya auna ƙwaurin da zare, ya ɗora zaren tsakanin matakai.

"Daidai suke, Kawu Sabatì. Ko gashi ba zai shiga tsakani ba."

"Sake aunawa."

Ya sake. Haka dai.

"To me ya canza? Ni ne, tsanin ne, bishiyar ma ita ce."

Rafele ya share garin katako da tafin hannu. Can ya ce, "Lanƙwasa gwiwar in gani."

Sabatino ya lanƙwasa. Ta tafi rabi ta cije.

"Tsani ko nawa kake so zan yi maka," in ji Rafele a hankali. "Wannan kuwa ba aikina ba ne."

Sabatino ya tsaya yana kallon gwiwar kamar ta wani ce aka ara masa. Bai yarda ba, bai kuma musa ba.

Washegari ya riga kowa zuwa gona, ba tsani a kafaɗa. Ya tsaya a gindin bishiyarsa, bai san inda zai sa hannuwansa ba. Aniello, wanda aka ba layin, ya zo ya hau ta ya ɓace cikin ganye. Jim kaɗan kwando ya sauko cike, yana lilo a bakin igiya.

"A karɓa a ƙasa," in ji Aniello daga sama.

Sabatino ya waiga dama, ya waiga hagu, yana neman wanda ake wa magana. Babu kowa a wurin sai shi.