Rabin Taswirar Wendell

Wendell Prokop, taubashina na garin Duluth, shekara goma sha tara ya yi yana zana taswira a wata mujallar wasannin bidiyo. Aikin ke nan: ya shiga wasa, a kashe shi sau dubu kafin rana ta take, ya zana kowane ɗaki da kowane tarko a takarda mai gida-gida, don kada masu karatu su ɓata. Fensiran da ya tauna, in aka haɗa su, sun isa a kafa gada a kan tafkin garin.

Da jama'a suka koma neman komai a intanet, mujallar ta yi ta ramewa, har atishawa na iya ɗauke ta daga tebur. A fitowar Maris aka buga rabin taswirar kurkukun ƙarƙashin ƙasa na wani wasa, Wendell ya rubuta da hannunsa cewa sauran sai wata mai zuwa. Watan bai kama ba aka rufe ofis.

Abin ya tsaya masa a wuya. Matarsa Marlys ta ce kowa ya gama wasan nan tuni, bidiyonsa ma ya cika waya. Ya ce shi ba waya ya yi wa alkawari ba.

"Tsoho, wa kake zaton yana tsaye a ƙofar kurkukun nan yana jiranka?"

"Wanda na bari a wurin."

Ya mamaye teburin cin abinci yana zana sauran taswirar, mako uku a tsaye suke ci. Da ya gama, ya yi kwafi a laburare, ya zazzage kwalin wasiƙun da masu karatu suka taɓa aiko wa mujallar ya kwashi adireshi. Ya lashi bakin ambulan ɗari uku har harshe ya manne masa a ganɗa, Marlys ta samu hutun kwana biyu.

Fiye da rabi suka dawo, masu su sun tashi. Amsa ɗaya tak ta zo, daga wata Joelle mai tuƙa motar share ƙanƙara daga titi a garin Fargo. Ta ce ta ƙi leƙa intanet, shi take jira. Ta gode, amma a ɗaki na tara ƙofar hagu ce ba ta dama ba, sau huɗu tana faɗawa rami.

Wendell ya karanta sau biyu. Da Marlys ta ga ya soma feƙe fensir, sai ta kwashe farantanta daga tebur.